Hitar Ruwa a Tirelar Tafi-da-Gidanka: Tarihin da ke Bayan Kowace Doka

Idan ka taɓa kallon fim ɗin Amurka ka ga mota tana jan wani ɗan gida mai tayoyi, da taga da ƙofa har da labule, to ka ga abin da za mu tattauna a kansa yau. Tirela ce, amma ba irin mai dakon siminti ko shanu ba. Wannan ta yawon shaƙatawa ce: iyali su ɗaura ta a bayan mota, su nufi daji ko bakin tafki, su yi zango na kwana uku ko wata guda. A ciki akwai gado da kicin da banɗaki. Bahaushe ya daɗe da sunan da ya dace da ita, wato tafi-da-gidanka.

A jikin bangonta ta waje akwai wata ƙaramar ƙofar ƙarfe mai raga. Bayan wannan ƙofa hita take, na'urar da ke dafa ruwan wanka da na wanke-wanke. Yawanci tankinta galan 6 ne na Amurka, kimanin lita 23, wasu kuma galan 10, wato lita 38. Ƙaramar aba ce, amma ɗan littafin da ake haɗo ta da shi cike yake da gargaɗi: kada ka kunna ta babu ruwa, kada ka toshe wannan bawul, ka zaro wancan ƙarfe ka duba shi duk shekara, ka zubar da ruwan kafin sanyi ya shigo. Mai karatu zai iya cewa ai kamfani ne kawai ke gudun a kai shi kotu. Akwai wannan. Amma kusan kowace doka a ciki tana da ranar da aka koye ta, wata a ɗakin gwaji, wata kuma sai bayan an yi jana'iza. Idan ka san tarihin, ba sai ka haddace dokokin ba, don za ka ga dalilinsu da kanka.

Yadda gida ya hau taya

A shekarar 1885 wani tsohon likitan sojan ruwan Birtaniya, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa keken dawaki mai ɗakin kwana, ya raɗa masa suna The Wanderer, ya yi tafiya da shi daga kudancin Ingila har Scotland. Shi ake ɗauka a matsayin keken farko da aka ƙera don yawon nishaɗi zalla. Zuwa 1907 masu irin wannan sha'awa sun kafa ƙungiyarsu a Birtaniya, Caravan Club.

Da mota ta yi araha a Amurka, sai abin ya bar hannun attajirai. A 1919 masu yawo da motoci suka kafa ƙungiyar Tin Can Tourists a garin Tampa na jihar Florida, sunan da ake dangantawa da abincin gwangwanin da suke ci a hanya. A 1930 Arthur Sherman ya baje kolin tirelarsa mai bangon katako a Detroit, ya kuma shiga ƙera ta da yawa. A 1936 Wally Byam ya fito da Airstream Clipper, mai jikin alminiyam mai ƙyalli.

Duk tsawon wannan lokaci, mai son ruwan zafi sai ya ɗora buta a kan risho. Sai a shekarun 1950 kamfanin Airstream, tare da wani kamfanin hita mai suna Bowen, suka samar da tsarin ruwan zafi da aka tsara don tirela. Burin Byam shi ne tirela ta wadatu da kanta, ta yi kwanaki ba tare da an jona ta da famfon gari ko wutar lantarki ba. Ya kuma gwada abin a aikace: a 1959 ya jagoranci ayarin tireloli 41 daga Cape Town suka nufi Alƙahira.

Ga inda matsalar take. Hitar gida tana zaune wuri guda, cikin ɗakin da ba ya daskarewa, ruwa na shiga da fita kullum. Ta tirela kuwa tana shan girgizar hanya, tana kwana a waje cikin ƙanƙara, yau ta sha ruwan wannan gari gobe na wancan, sannan a ajiye ta wata biyar ba a taɓa ta ba. Kariyar da gida ke ba hita ba tare da kowa ya lura ba, a tirela mai ita ne zai yi da hannunsa.

Mai fenti da injiniya

Ita kanta hitar ta girmi tirela. A 1868 wani mai fenti a Landan, Benjamin Waddy Maughan, ya yi rajistar wata na'ura da ke dafa ruwa da gas yayin da yake wucewa ta cikinta zuwa baho. Ya kira ta da sunan wata maɓuɓɓugar ruwan zafi ta ƙasar Iceland, shi ya sa har yau a Indiya da Afirka ta Kudu "giza" suke ce wa hita. Na'urar ta yi aiki, sai dai ba ta da bututun fitar da hayaƙi. Duk abin da wutar ta fitar a banɗakin yake tsayawa, tare da mai wanka.

Haɗarin shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ke samuwa idan wuta ba ta samu isasshiyar iska ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini da ƙarfin da ya ninka na iskar oksijin fiye da sau 200. Ita ce dai ke kashe iyalan da suka kwana da janareta a cikin gida.

Tirela ɗaki ne ƙarami ƙwarai, don haka masu ƙera hitarta suka raba wutar da mutane gaba ɗaya. Wannan ƙofa mai raga da ke waje, ta nan wutar ke shaƙar iska, ta nan kuma take fitar da hayaƙi. Aikin mai tirela shi ne kada ya bari hanyar ta toshe. Kuma ka san mai toshe ta? Zanzaro da gizo-gizo. Idan tirela ta daɗe a ajiye, sukan yi gida cikin bututun da gas ke gauraya da iska. Alamar ita ce launin wuta: lafiyayya shuɗiya ce, mai kumbura tana ja-ja ko rawaya da baƙin hayaƙi kuwa tana neman shara.

Tankin da ke riƙe ruwa da zafinsa kuma aikin Edwin Ruud ne, injiniya ɗan ƙasar Norway da ya yi aiki ƙarƙashin George Westinghouse a birnin Pittsburgh. A 1889 ya ƙera hita mai tanki wadda ke kunna gas da kanta idan ruwa ya huce, ta rage shi idan ya yi zafi. A 1897 ya kafa kamfaninsa. Hitar tirela jikanyar wannan ce, an dai matse ta, domin kowace lita ta ruwa kilo guda ce da mota za ta ja.

Bari mu yi ɗan lissafi. Ɗaga zafin lita guda ta ruwa da digiri ɗaya na cin kilojul 4.2. Lita 23 daga digiri 15 zuwa 55 ke nan kusan kilojul 3,850, wato ya ɗan haura yunit ɗaya na mitar lantarki. Ƙarfen lantarkin da ke cikin irin wannan hita yawanci wat 1,440 ne, don haka zai ɗauki kusan minti 45. Idan aka surka da ruwan sanyi, ba zai wuce lita 40 na ruwan wanka ba. Ga wanda ya saba da bokiti, wannan wankan mutum biyu ne har da saura. Ga wanda ya saba ya tsaya ƙarƙashin shawa yana tunanin duniya, minti biyar ko shida ne ya ji sanyi ya sauko masa. Shi ya sa masu tirela suka ari dabarar sojan ruwa: ka jiƙa jiki, ka rufe famfo, ka saɓa sabulu, sannan ka buɗe ka ɗauraye.

Gas a cikin tukunya

Hitar Ruud da bututun gas na gari take aiki, kuma ba a jan bututu a bayan mota. Wanda ya warware wannan shi ne Walter Snelling, masanin sinadarai a hukumar ma'adinai ta Amurka. A 1910 yana binciken tururin da ke tashi daga fetur, sai ya ware wasu iskoki daga ciki, har da furofen, ya kuma gano cewa idan aka matse su sukan zama ruwa a adana su a tukunyar ƙarfe. A 1912 aka fara sayar wa gidaje. Lita guda ta ruwan furofen tana zama kusan lita 270 ta gas, ka ga dalilin da tukunya ɗaya ke kai iyali makonni. Ɗan'uwan gas ɗin girkin da ka sani ne. Abin da ya sa masu tirela suka fi son furofen a kan butan shi ne yana ci gaba da zama gas har sanyi ya kai digiri 42 ƙasa da sifili, shi kuwa butan da zarar an kai sifili sai ya kwanta a tukunya ya ƙi fita.

Warin da kake ji idan gas na yoyo ba nasa ba ne, zuba masa aka yi. Ranar 18 ga Maris, 1937, gas marar wari ya taru a ƙarƙashin ginin wata makaranta a garin New London na jihar Texas. Da ya fashe, kusan mutum 300 suka rasu, yawancinsu yara. Cikin 'yan watanni jihar ta yi dokar tilasta sa wa gas sinadari mai wari, sauran wurare suka bi. Furofen ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka na'urar da ke sansano shi a tirela kusa da daɓe ake kafa ta. Saboda wannan ne kuma ake kashe hita kafin a shiga gidan mai, domin harshen wutarta a waje yake, kusa da tururin fetur.

To idan iska ta hure wutar fa, gas ya ci gaba da fita? Amsar ta fito daga binciken Thomas Seebeck na Jamus a 1821: idan ka haɗa bakin ƙarfe biyu mabambanta ka gasa mahaɗar, 'yar wutar lantarki takan samu. A tsofaffin hitoci akwai ɗan harshen wuta da ke ci kullum yana gasa irin wannan mahaɗa, wutar da take bayarwa ita ke riƙe bawul ɗin gas a buɗe. Harshen na mutuwa, mahaɗar ta huce, bawul ya rufe. Sababbin hitoci da tartsatsin lantarki suke kunna kansu daga batir mai bolt 12. Idan sun gwada wuta ta ƙi kamawa, sai su rufe gas su kunna jar fitila a cikin tirela. Wannan fitila cewa take a je a duba, ba a yi ta danna makunni ba.

Tukunyar da ke fashewa

A saman hitar, idan ka buɗe ƙofar waje, za ka ga wani bawul na tagulla mai ɗan hannu. A duk na'urar babu abin da ya kai shi muhimmanci.

Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100, sai ya zama tururi ya tafi. A rufaffen tanki kuwa matsi na hana shi tafasa, sai ya yi ta ɗaukar zafi yana nan a ruwansa. Ranar da tankin ya tsage, matsin ya tafi lokaci guda, wani kaso na ruwan ya rikiɗe tururi nan take. Lita guda ta ruwa tana zama kusan lita 1,700 ta tururi. Wannan ita ce fashewar tukunyar tururi, kuma a ƙarni na 19 ta ci rayuka da yawa a masana'antu da jiragen ruwa.

Ranar 20 ga Maris, 1905, tukunyar tururin masana'antar takalma ta Grover da ke Brockton a jihar Massachusetts ta fashe, ta huda rufin ginin, ginin ya rushe ya kama da wuta. Mutum 58 suka mutu. Jihar ta kafa dokokin tukunyar tururi a 1907, sannan ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka, ASME, ta fitar da kundin ƙa'idojinta na 1914. Daga wannan tsatso bawul ɗin hita ya fito. An saita shi ya buɗe da kansa idan zafi ya kai digiri 99, ko matsi ya kai kusan ninki biyar na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota.

Wani lokaci mai tirela zai ga bawul ɗin yana ɗiga yayin da hita ke aiki, sai shaiɗan ya raya masa ya toshe shi. Kada ya kuskura. Ruwa na kumbura idan ya yi zafi: lita 23 na ƙaruwa da kimanin sulusin lita. An tsara tankin da 'yar iska a samansa wadda ke karɓar wannan ƙari, amma a hankali ruwa na shanye iskar. Idan ta ƙare, sai bawul ya fitar da rarar. Maganin shi ne a mayar da iskar: a kashe hita a bari ta huce, a rufe ruwan da ke shigowa, a buɗe famfon zafi, a ɗaga hannun bawul har ruwa ya daina fita, a sake shi, a rufe famfo, sannan a maido da ruwa.

Sandar fansa

Yanzu sai mu koma 1824. Jiragen yaƙin Birtaniya na katako ne da aka lulluɓe gindinsu da jan ƙarfe, ruwan teku kuma yana cinye jan ƙarfen. Aka miƙa matsalar ga Humphry Davy, wanda Michael Faraday ya yi wa mataimaki. Davy ya gano cewa idan ka manna guntun tutiya ko baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfen, guntun ne zai lalace, jan ƙarfen ya tsira. Idan ƙarfe biyu mabambanta suka haɗu cikin ruwa mai gishiri-gishiri, sun zama batir ke nan, kuma wanda ya fi saurin sakin ƙwayoyin lantarkinsa shi ke narkewa. Dabarar ta hana tsatsa, sai dai ta jawo wata matsala: ashe jan ƙarfen da ke narkewa ne ke korar ciyayi da ƙananan halittun teku, da ya daina narkewa sai suka manne wa jiragen suka rage musu gudu. Rundunar ta ajiye dabarar, amma ilimin bai mutu ba. Da shi ake kare bututun mai da jiragen ruwa a yau.

Da shi kuma ake kare hitar tirela. Kamfanoni biyu ne suka daɗe suna riƙe da kasuwar a Amurka, kowanne da hanyarsa. Suburban na jihar Tennessee yana yin tankin baƙin ƙarfe mai shafen tangaran a ciki. Shafen ba ya rasa 'yan kafofi, don haka ake zura wata sandar magnesiyam a ciki, wadda za mu iya kira sandar fansa, domin ita ake ci a bar tankin. A jikin murfin zubar da ruwa take. Ana zaro ta aƙalla sau ɗaya a shekara, idan kashi uku cikin huɗu ya tafi a sa sabuwa. Sandar da ta fito duk ta zaizaye ba lalacewa ta yi ba, aikinta ta yi. Wanda ya ƙi sayen sanda, tanki zai saya.

Atwood na garin Elkhart a jihar Indiana, wanda Dometic ya saye a 2014, shi tankin alminiyam yake yi, ba ya buƙatar sanda. Murfinsa na roba ne, kuma da gangan aka yi haka. Mai tirelar da ya ga roba ta yi masa araha ya musanya da murfin wani ƙarfe, ya haɗa batir ɗin Davy ke nan a bakin tankinsa.

Ruwa ba ya tsami banza. Idan ruwan zafi ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai, wasu bakteriya ne marasa son iska ke sarrafa sinadarin salfet da ke cikin ruwan, suna amfani da haidirojin da sandar ke saki, suna fitar da iska mai warin. Sai a zubar da ruwan, a wanke tankin, in abin ya ƙi a koma sandar alminiyam da tutiya. Wankin na fitar da wani abu kuma: farin ɓawon da ruwan rijiya ke bari, irin wanda kake gani a gindin butar shayi, wanda ke rufe ƙarfen lantarki ya hana shi ba da zafi. Ruwan khal na narkar da shi.

Lokacin ƙanƙara

Yawancin abubuwa tsukewa suke idan sun daskare. Ruwa kumbura yake, da kusan kashi 9 cikin 100, kuma babu tankin hitar da zai iya riƙe shi. A arewacin Amurka da Kanada, dare ɗaya na tsananin sanyi ya isa ya tsaga tanki. Don haka duk ƙarshen kaka akwai hidimar shirya tirela: a kashe gas da lantarki, a bari ruwa ya huce, a sauke matsi ta bawul, sannan a kwance murfi. Wanda ya kwance murfin da zafi da matsi, ruwan zai taso masa a fuska.

Bututun tirela kuma ana cika su da wani ruwan hoda mai hana daskarewa, wanda aka yi da sinadarin da ba ya kisa. Ba irin na lagireton mota ba ne, wancan guba ne. Don kada a yi asarar lita 23 na wannan ruwa wajen cika hita, sai aka ƙirƙiro bawul ɗin kewaye a bayanta, wanda ke sa ruwa ya tsallake tankin.

A nan ne masu tirela suka fi yin ɓarna idan bazara ta zo. Mutum ya manta bai mayar da bawul ɗin kewaye ba, ya buɗe famfon zafi ya ga ruwa na zuba, ya ɗauka tanki ya cika, ya danna makunnin lantarki. Alhali ruwan zagaye tankin ya yi. Ƙarfen lantarkin an yi shi ne ya zauna cikin ruwa mai kwashe masa zafi, a busasshen tanki kuwa nan da nan yake ƙonewa. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a fita waje a ɗaga hannun bawul ɗin tagulla. In ruwa ya fito, tanki ya cika.

Zafi nawa ya isa?

Za ka iya tunanin a rage zafin hita don a tsimin gas. Wani abu da ya faru a Philadelphia ya nuna iyakar wannan tsimi. A watan Yuli na 1976 tsofaffin sojojin ƙungiyar American Legion suka yi taro a otal ɗin Bellevue-Stratford. Bayan sun watse, sama da 180 suka kwanta da ciwon huhu, 29 suka rasu. Sai a Janairun 1977 Joseph McDade na hukumar CDC ya gano bakteriyar, aka sa mata suna Legionella. Tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumi da ke kwance, tsakanin digiri 25 zuwa 45, kuma ta hanyar shaƙar feshin ruwa take shiga huhu, irin feshin da shawa ke yi. A digiri 60 mutuwa take.

Yanzu ka auna tirelar da aka ajiye wata biyu a rana da ruwa a tankinta. Shi ya sa ake zubar da ruwan idan za a daɗe ba a yi tafiya ba, a kuma wanke duk tsarin da ruwan kulorin kafin a fara sabuwar kakar yawo, kimanin mililita ɗaya na bilic marar turare ga kowace lita, a bar shi awanni, a ɗauraye sosai.

Ɗaya gefen kuma ƙuna ce. Ruwa mai digiri 60 na iya sale fatar babba cikin daƙiƙa kaɗan, ta yaro ma ta fi saurin salewa. Hitocin tirela yawanci an ɗaure su tsakanin digiri 54 da 60, sun fi na gidaje da yawa zafi, don ɗan ruwan ya auku idan an surka. Saboda haka famfon sanyi ake fara buɗewa, musamman in da yara a tafiyar.

An dawo wurin mai fenti

A 'yan shekarun nan sababbin tireloli da yawa suna zuwa da hita marar tanki, mai dafa ruwa yayin da yake wucewa. Dabarar Maughan ce ta 1868 ta dawo, amma da bututun hayaƙi da ƙaramar kwamfuta mai daidaita wuta. Cikin masu yin ta akwai Truma na Jamus, kamfanin da Philipp Kreis ya kafa a 1949 ya raɗa masa suna don girmama shugaban Amurka Harry Truman. A tirelolin Turai, kamfanin na sa wani bawul da ke zubar da ruwan hita da kansa idan sanyi ya sauko kusan digiri 3, wato na'ura ta karɓi aikin da mutum ke mantawa.

Sai dai marar tankin ma da nata sharaɗin. Ba ta kunnuwa sai ruwa na gudu da ƙarfi, don haka dabarar buɗe famfo da rufewa takan sa ta yi ta kawo sanyi da zafi. Siraran bututunta kuma sun fi tanki saurin toshewa da farin ɓawo, sun fi shi saurin fashewa da ƙanƙara. An rabu da sandar fansa, ba a rabu da kulawa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai tirelar da ya san aikinsa tun kafin ranar yake buɗe ƙofar nan ta waje: ya share gidan zanzaro, ya duba sanda, ya mayar da bawul ɗin kewaye, ya cika tanki ya tabbatar, sannan ya kunna wuta ya kalli launinta. Kai kuma da ba ka da tirela, in akwai hita a banɗakinka, je ka duba jikinta. Akwai bawul mai ɗan hannu a kan bututun da ke shiga, kuma a yawancinsu akwai sandar magnesiyam a ciki da ba a taɓa canzawa ba tun ranar da aka kafa ta. Ka tambayi mai gyaran famfo ya duba maka su, kuma duk ranar da aka ɗauke ruwa, ka tabbata tankin a cike yake kafin ka danna makunni.